Lemo

Ranar da Baba ya yanke jiki ya faɗi a bayan gida,
harshensa ya tattara komatsansa ya tafi,
bai bar mana ko sallama ba, sai kalma guda.
A gado na bakwai, can asibitin Shika,
ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya
ya ce, "Lemo."

Ramalan ya fi kowa zafin nama.
Ya haye acaɓa sai kasuwar Sabon Gari,
ya ciko leda da na zaƙi,
ya fere ɗaya da reza, ya cire masa hula,
ya kai bakin Baba.
Baba ya juya fuska ga bango.

Lantana ta ce maza ba su san jinya ba,
bakin mai ciwo ɗaci ne da shi, tsami yake nema.
Ta matse uku a ruwan ɗumi, ta ɗiga zuma.
Ya kurɓa don kara,
ya ture kofin da hannun da ya rage masa.

Ni na kwalba na sayo, mai sanyi, yana ta gumi.
Nas ta tare ni a ƙofa:
"Mai ciwon sukari za ki ba wannan?"
Na shanye abina a baranda,
ina gyatsa ina hawaye.

Jumare ɗan yayarmu, mai karatun harsuna a Samaru,
ya gyara zama, ba wanda ya tambaye shi,
wai kalmar ma baƙuwa ce,
daga ƙasar Farisa ta taso,
Larabawa suka goya ta, raƙuma suka ƙetarar da ita,
ta sauka a nan ta hayayyafa.
Lantana ta ce, "To koma Farisar
ka tambayo mana wanne yake nufi."
Baba ya yi dariya da rabin baki.

Kwana tara muna lalube.
Sai wani ya tuna launi:
zanen Iya mai ruwan lemo,
wanda ta ɗaura ranar sunan Ramalan.
Muka tono shi daga ƙasan akwati, yana warin kafur.
Ya riƙe shi tun hantsi har azahar,
muka ce alhamdulillahi, an gano.
Da la'asar ya ɗago ido.
"Lemo."

Ran na goma na koma Tudun Jukun ɗauko masa hula.
Na zaga baya in wanke ƙafa,
ga guga nan kife inda ya sake shi,
igiya a miƙe, ba wanda ya naɗe,
ga bishiyar da ya dasa shekarar da Iya ta rasu,
ganyenta duk ya nannaɗe, ƙasar gindinta ta tsage.
Ashe ruwa yake kai mata.

Guga shida na ja.
Tafin hannuna ya yi ja, ban ji ba.
Na tsinki ganye ɗaya na ƙulle a bakin mayafi,
na murje masa shi a ƙarƙashin hanci,
na ce, "Ta sha, Baba."
Ya lumshe ido.
Ranar bai ƙara cewa komai ba.

Yanzu wata huɗu ke nan da sallamo shi.
Kalmar dai ita ce, ba ta yi ƙanwa ba.
Da ita yake amsa gaisuwa,
da ita yake korar akuyar maƙwabta,
in ya ja ta, an makara da salla,
in ya datse ta, miya ba gishiri.
Jumare ya sayi littafi yana rubutawa,
jiya ya ce ma'ana ta kai goma sha tara.

Akwai wadda yake faɗa can cikin dare
in na zo gyara masa bargo,
a hankali, kamar mai tsoron tada wani.
Ban gaya wa Jumare wannan ba.
Da safe nakan ɗauki guga.